Ƙyauren da Ya Daina Kuka

Abin ya fara ne ranar Laraba, sha shida ga Oktoba na shekarar 2019, da ƙarfe shida da minti goma na yamma, a gidan Amadu ɗan Dada da ke unguwar New Bell Haoussa. An yi ruwa tun azahar, ya ɗauke, kwata ta cika ta tumbatsa. Ladan bai kai ga kiran magariba ba. Nana Hadiza, matar Amadu, tana tsakar gida tana fifita gawayi. 'Yarsu Raudatu, budurwa mai shekara goma sha tara, tana ɗaki tana jera kwanukan da ta wanke a cikin kabad. Ta ce bismillah kamar yadda ta saba, ta tura ƙyauren ƙasa na hagu da gwiwarta, ta juya. Ƙyauren ya tafi a hankali shi kaɗai, ya rufe ruf, babu ko ƙis. Sai dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Kabad ɗin na Dada ne, mahaifiyar Amadu. Wani kafinta a unguwar Deïdo ya yi mata shi da katakon iroko tun kafin a haifi Amadu. Samansa gilashi ne, ƙasansa ƙyaure biyu masu shiga cikin bakin katako. Na hagu yana rataye a kan sharniya biyu na tagulla, wato ƙarfen da ke haɗa ƙyaure da jikin kabad. Sharniyoyin nan kuka suke yi, dogon kuka mai kaifi, kuma ƙyauren bai taɓa rufewa duka ba, kullum sai ya bar kafar yatsa guda. Dada ta hana a sa musu mai. Ta hana a ajiye ko cokali a wannan gefen. Idan rana ta kusa faɗuwa takan buɗe shi har ya yi kukansa, ta ɗan tsaya, sannan ta mayar a hankali. Ba wanda ya tambaye ta dalili, an ɗauka halin tsufa ne. Da ta rasu, ta tafi da dalilinta.

Amadu ma'aikacin ofis ne a wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, mutum mai tsari, marar yawan magana. Ba ƙyamar kayan uwarsa yake yi ba. Abin da ya kasa jurewa shi ne, duk sanda iska ko hannun wani ya motsa ƙyauren nan ya yi kuka, sai ya waiwaya yana tsammanin ganinta a tsaye. Don haka ya kira Ilu kafinta, a safiyar wannan Larabar.

Ilu ya zazzage jakarsa a kan tabarma, ya ware ƙarafa kashi kashi.

"Patron, kowane kabad da irin tasa," in ji shi. "Wannan mai fukafukai biyu ita ce irin ta marigayiya, ana ganinta daga waje. Wannan doguwar piano ake ce mata, daga sama har ƙasa, ta ƙyaure mai nauyi. Wannan kuwa invisible, wato ɓoyayyiya, ta 'yan boko irinku. A huda rami a bayan ƙyaure a binne kanta. Mai miƙaƙƙen hannu ta ƙyauren da ke kwanciya a kan gefen kabad ce, mai lanƙwasa kuma ta wanda ke shiga ciki, kamar naka."

"Wacce ce ba ta kuka?" Amadu ya tambaya.

"Mai birki. Ka tura ka yi tafiyarka, ita za ta ƙarasa aikin. Ko ɓarawo ya buɗe ba ka ji. Wannan taku kuwa, kamar akuyar da ta ga wuƙa!"

Nana Hadiza ta yi dariya daga bakin ƙofa. Ilu ya kwance tagullar, ya fere gefen ƙyauren inda take zaune, ya huda ramuka biyu, ya ɗaura sababbi. Tsofaffin ya jefa su cikin buhun tarkacen ƙarfensa. Nana Hadiza ta ce tunda an gyara wurin, ai sai a daina barinsa fanko.

Duwatsun magaribar farko ba su daɗe ba. Amadu ya ce yaran layi ne. Amma da ya hau ya duba da safe, bai ga dutse ko ɗaya a kan rufin ba, sai lotsawa a jikin kwano. Washegari suka dawo a daidai lokacin, haka jibi. Daga nan sai aka fara jin murya, ta mace, ƙasa ƙasa, tana zaga ɗakin tana kiran wani suna da harshe bai iya maimaitawa. Maƙwabta suka daina aiko da yara karɓar wuta. Masu babur da ke tsayawa a bakin layin suka koma gaba.

A mako na biyu Raudatu ta faɗi. Da ta farfaɗo ta rarrafa gaban kabad ɗin ta zauna, ta ƙi tashi. Ta daina cin abinci. In rana ta yi ja sai ta kama gefen ƙyauren tana kartarsa da farce har jini ya fito. An kai ta asibiti, likita ya auna abin da zai auna, ya ce bai ga ciwo ba, amma jikinta yana ƙarewa, in ba ta ci ba ba za ta daɗe ba.

"Baban Raudatu," in ji Nana Hadiza, "wannan ba na docteur ba ne. Ka kira Malam Sadiƙ."

Malam Sadiƙ dattijo ne da ya yi shekaru yana karantarwa a unguwar, ba ya son a kira shi mai aljanu. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a kan buzunsa nesa kaɗan da yarinyar, yana jan carbi har haske ya fara dushewa. Sannan ya soma karatu. Duwatsu suka sauko kamar ƙanƙara. Bai ɗaga kai ba. Can sai suka tsaya cak, Raudatu ta juyo da fuskarta, ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, baiwar Allah? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Maƙwabciyar Dada ce ni. Tun itacen nan yana tsaye a daji nake cikinsa. Da aka kawo shi gidanta ta gane, ba ta kore ni ba. Ta bar mini gefe guda, ta bar mini kafa, ta bar wa ƙofata muryarta. In ƙofar ta yi kuka, 'ya'yana su janye hannu. Ni kuma na tsare mata gida, ko ɓera bai taɓa yi mata ɓarna ba."

Amadu ya dafa bango.

"Ranar nan na fita nema," muryar ta ci gaba. "Autana yana zaune a bakin ƙofa yana jirana. Ƙofar ta zo masa shiru. Ta danne shi. Wannan yarinyar kuma ta ambaci sunan Allah a kanta, mu kuwa ba ma buɗe abin da aka rufe da sunan Allah. Ina waje ina jinsa, ina jifan rufinku ku zo ku buɗe. Kuka ce yaran layi ne. Da aka buɗe da safe, ya riga ya yi sanyi."

Nana Hadiza ta toshe bakinta da gyale.

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji Malam. "Amma yarinya ba ta sani ba, kuma ba a kama wanda bai sani ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Ni ma na san Allah, Malam. Shi ya sa har yau take numfashi."

"To me zai raba ki da ita?"

Raudatu ta juya ta dubi kabad ɗin.

"A mayar wa ƙofata muryarta. Tagullar Dada, ba wata ba, duka biyun, kafin magaribar gobe. In ji kukan da ɗana ya sani, in ɗauki sauran 'ya'yana in bar muku gidan."

Amadu da kansa ya je wurin Ilu da asuba. Ilu ya dafe kai, ya ce ya riga ya sayar da buhun ga masu tarkacen ƙarfe a Kassalafam. Suka tafi tare. Mutumin ofis ya cire takalmi ya shiga tudun ƙarafa masu tsatsa, yana tono da hannu cikin ruwan sama. Da la'asar Ilu ya ɗago guda ɗaya, ta yi kore. Ɗayar ba su gan ta ba. Mai wurin ya ce mota ta kwashe tagulla tun makon jiya, ta tafi wurin narkewa.

A hanya Ilu ya ce yana da wata mai kama da ita, zai dafa ta da gishiri ta tsufa. Amadu ya dube shi da jajayen idanu.

"Wadda ta ji kukan abu shekara da shekaru za ka ruɗa?"

Ilu ya cire sababbin, ya cike ramukan da guntun katako. Gefen da ya fere ya riga ya yi siriri, ƙusoshi ba sa kamawa sosai. Ya ɗaura tagullar guda a sama. Ƙyauren ya rataya a karkace, gindinsa na jan ƙasa. Da ladan ya ɗaga murya, Malam Sadiƙ ya ce wa Amadu ya buɗe da hannunsa. Ya buɗe. Ƙyauren ya yi kuka, gajere, a shaƙe, ya yanke a tsakiya.

Raudatu ta karkata kai tana saurare. Hawaye suka zubo mata.

"Rabi ne," in ji muryar.

"Abin da ya rage a duniya ke nan," Malam ya ce. "Sun nema har hannu ya fashe. Ki dubi hannun mutumin nan."

Ta dubi hannun Amadu, ta daɗe tana dubawa.

"Ɗan Dada, saboda uwarka zan bar maka ranta. Amma rabi kuka mayar mini, rabi zan mayar muku. Kun so gida shiru. Ga shi nan."

Yarinyar ta yi atishawa, ta kife. Iska mai sanyi ta bi ta ƙofa ta fita. Ba a sake jin dutse a rufin nan ba.

Da Raudatu ta buɗe ido ta gane kowa. Ta karɓi kunu daga hannun uwarta ta sha. Ta dubi ubanta, leɓɓanta suka yi siffar "Baba", amma babu abin da ya fito. Malam ya yi ta zuwa yana karatu har ƙarshen damina. Ba wanda ya amsa masa, domin babu sauran kowa a jikinta.

Ga yadda aka ƙare. Malam Sadiƙ ya rasu bayan shekara biyu. Ilu ya bar aikin kabad, bencin makaranta yake yi yanzu. Nana Hadiza ta koma wurin danginta a arewa, ta ce ba za ta iya da shirun ba, takan zo da sallah. Waɗanda suka rage a gidan su ne: Amadu, wanda ya yi furfura, Raudatu, wadda ke dafa masa abinci tana yi masa magana da hannu, da kabad ɗin Dada, gefensa na hagu fanko, ƙyaurensa a kan sharniya guda. Kullum in rana ta kusa faɗuwa Amadu yakan buɗe ƙyauren har ya yi rabin kukansa, sai ya waiwaya ya dubi bakin 'yarsa, ya ɗan tsaya, sannan ya mayar a hankali.