Takun da Cleophus Ya Riƙe

Odessa na zuba wa mahaifinta Cleophus wake da burodin masara ya ture kwanon gefe.

"Direban bas ɗin nan ya sake zuwa ko?"

"Lemuel sunansa, Baba."

"Ko ma wane ne. Mutumin da ko tafi bai iya yi daidai da kiɗa ba, shi zai shigo gidana?"

Duk unguwarmu a Detroit an san Cleophus Tillery da rawar takalmi mai ƙarfe, wadda ake buga ƙasa da ƙafa a fitar da kiɗa, an kuma san shi da taurin kan tsiya. Shi ya buɗe makarantar rawa da ke saman shagon aski, yanzu 'yarsa ke koyarwa a ciki. Masu wannan sana'a ba sa rubuta taku, daga ƙafar malami yake zuwa ƙafar ɗalibi. Akwai wani taku da ya gada wurin malaminsa, mai sauri kamar ruwan sama a kan kwano, bai taɓa yi wa kowa shi a hankali ba. A ranar da ya ture kwanon nan ya rantse, in Odessa ta auri Lemuel da shi za a binne takun.

Mu dai mun san ba tafi ne damuwarsa ba. Tun rasuwar matarsa yake tsoron zama shi kaɗai, girman kai ya hana shi faɗa.

Odessa ta sha kuka, ta ce wa Lemuel ba za ta yi aure uba na fushi ba. Ya ce zai jira, ya daina hawowa makarantar don kada ya ja mata faɗa. Haka shekaru suka yi ta tafiya. Yara su watse da yamma, ta share dandamalin katako, ta tsaya gaban madubi tana bugawa ita kaɗai. Ɗalibanta na farko har sun fara kawo mata 'ya'yansu. In ta tambayi takun, tsohon ya ce da saura, ba ta nuna ba tukuna. Kaɗaici ya ci ta sosai, amma ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

Sai ciwon suga ya kama masa ƙafafu. Da likita ya ce ba zai ƙara tsayuwa ba, sai tsohon ya ce wa Odessa ta kai shi makaranta ya ba ta takun. Matakalar ƙunci gare ta, keken guragu ba ya hawa. Odessa ta kira Lemuel. Ya zo ya durƙusa, ya goya tsohon har sama.

Suka zaunar da shi a ƙasa. Ya zura hannuwansa cikin takalman ya fara buga katako, Odessa na bi da ƙafa. Farkon ya fito tsaf. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya. Ya sake daga farko, ya tsaya a wuri guda. Ya yi ta sakewa har hawaye ya zubo masa.

"A ƙafa yake, Dessa, ba a ka ba. Hannu bai san shi ba."

"Ya isa haka, Baba."

"Bai isa ba. Na riƙe shi don in riƙe ki, ga shi ya mutu a hannuna." Ya juya wurin Lemuel. "Kai direba, aure ta tun ban lalata wannan ma ba."

Lemuel ya ce, "Ni da ita da kai, Baba, gida ɗaya."

Haka aka yi. Haƙuri ya ba Odessa miji da albarkar uba, rabin takun kuwa ya tafi ke nan. Duk wanda ya ɓoye alheri don ya ɗaure nasa, wata rana zai neme shi ya rasa. Yanzu duk yaron da ya shigo makarantar, Odessa na koya masa rabin nan tun yana sabo. In sun kai inda ya yanke, sai ajin ya tsaya cak.