Kwanso Mai Tsaga Biyar

Da hantsi aka bugo wa Sufeto Hatakeyama waya: bindiga ta fashe a hannun Nagasawa, mai kiwon shanun madara a gefen garinmu na Hokkaido, yana harbin barewa. Yatsu biyu sun tafi.

A asibiti Sufeto ya same shi, hannu a naɗe.

"Wa ya ɗura wa harsashin albarushi?"

"Baba Oikawa ne ya ba ni guda biyar, Yallaɓai. Ni ko buɗe gwangwanin albarushi ban iya ba."

Magana ta yi nauyi. Doka ta hana mutum bai wa wani harsashin da ya ɗura da hannunsa. In ta tabbata, Oikawa, shugaban mafarautanmu, ya rasa lasisinsa na shekara arba'in, ƙila ya ƙare a kurkuku.

A makiyaya Sufeto ya tsinci kwanson harsashi biyu da aka harba kafin fashewar. Gindinsu ya baje, ya yi sheƙi. Kusa da su akwai guntun itace, bakinsa ya tauye daidai da hannun sakatar bindigar. Wato sau biyu sakata ta cije, mai harbi ya buge ta da itace ya ci gaba. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

A gefen kowane kwanso akwai tsagar magagari guda biyar. Duk garin an san mutum ɗaya ke yi wa kwanso tsaga.

Oikawa na rumfarsa, matarsa Fumie na jera kabewa a bakin ƙofa.

"Baba, naka ne wannan?"

"Tsagata ce."

"Yaya kake ɗuri?"

Tsohon ya nuna kwansuna a jere kan katako. "Da ɗan albarushi nake farawa, in ƙara kaɗan, in harba, in duba gindi. Ranar da sakata ta yi min gardama, na tsaya, na koma baya. Bindiga ba ta kashe mutum sai ta yi masa kashedi."

"To yaya kwansonka ya je makiyayar Nagasawa?"

"Ban sani ba."

Bai ɗago kai ba. Sufeto ya buɗe akwatin harsasansa, ya bi su ɗaya-ɗaya da farce. Tsaga biyu, uku, huɗu. Babu mai biyar.

"Me ya sa?"

"Kowane harbi tsaga ɗaya," in ji Fumie daga ƙofa. "In ta kai biyar, kwanso ya gaji, ya yi ritaya. Shi ne dai bai san ritaya ba."

"Ke, kabewarki."

"Rufe ni da duka mana. Yallaɓai, buhu guda na masu biyar ɗin ya bai wa Nagasawa bara, wai zai yi ƙararrawar korar dabbar nan beyar. Ni dai har yau ban ji ƙara ba."

Tsohon ya yi ajiyar zuciya. "Shekara goma yaron nan ya jira kafin a ba shi lasisin babbar bindiga. Ban so ya rasa shi ta bakina."

"Shi kuwa ta bakinsa za ka rasa naka," in ji Sufeto.

Da takardar bincike ya shiga garken Nagasawa. A bayan buhunan dusa ya ga sabon injin ɗuri da gwangwanin albarushi. Sikeli babu. Sai cokalin awon madarar maruƙa, cikinsa baƙi ƙirin.

Ranar da aka sallami Nagasawa, Sufeto na jiransa a ofis. Ya ajiye cokalin kan tebur.

"Maruƙanka albarushi suke sha?"

Nagasawa ya kau da kai daga cokalin. Sufeto ya ci gaba.

"Ina ƙararrawar?"

"Ban samu lokaci ba."

"Baba ba ya ɗura kwanso mai tsaga biyar. Wanda ya karɓi buhun ne kaɗai ke da su. Sau biyu bindiga ta ce ka tsaya, ka ɗauko mata itace."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Nagasawa ya dubi naɗaɗɗen hannunsa.

"Barewar nan sun cinye min ciyawa, Yallaɓai. Sun san iyakar harsashina, can suke tsayawa suna kallona. Na roƙi Baba ya koya min, ya ce sai na shekara ina kallo kafin in taɓa cokali. Na ce in an ƙara garin albarushi, harsashi zai ƙara nisa."

"Me ya sa ka ɗora masa laifin?"

"Na ga shi ya tsufa, ya ci zamaninsa. Ni wata takwas kawai na riƙe bindigata."

Sauri ya haifi nawa. Aka rubuta masa ɗuri ba izini da ƙazafi, kofur ya kama shi a gwiwar hannu, don ankwa ba ta shiga kan bandeji.

A baranda Oikawa na zaune, ya zo karɓar akwatin harsasansa da aka riƙe. Nagasawa ya sunkuya har ƙasa.

"Baba, ka yafe ni."

Tsohon ya daɗe yana kallon hannun.

"Saura wata huɗu shekarar kallon ta cika," ya ce. "Har sikeli na saya maka."