Ɗari Biyu da Hamsin da Huɗu

Kowace yamma, gab da faɗuwar rana, Baba yakan goge tabarau, ya zauna gaban kwamfutar falo, ya jira fuskar matarsa. Wata huɗu ke nan tana jinya a wani asibiti mai nisa, wurin babban ɗansu, kuma rabin sa'ar nan kaɗai magani ke barinta a farke. Idonsa ya yi rauni, ba ya ganinta a waya, sai a babban allo.

Ran da aka canza rauta, akwatin da ke kawo intanet cikin gidan, kiran ya ƙi shiga. Mai gyaran da ya haɗa ta ya dawo, ya kifa sabuwar rautar, ya karanta lambar da ke liƙe a ƙasanta, sannan ya buɗe saitin kwamfutar.

"Baba, ka ga wannan layin? Getwe sunansa. Duk saƙon da zai bar gidan nan, lambar da ke nan yake bi. Kwamfutarka har yanzu tsohuwar take nema, mai ƙarewa da 254. Sabuwar da 1 take ƙarewa."

Ya gyara. Baba, tsohon akawu, ya rubuta matakan a kati, ya ja layi ƙarƙashin lambar. Tsohuwar rautar aka ajiye a kwali, can bayan gidan.

Washegari da yamma lambar ta koma 254. Baba yana gyarawa ya ji tsakuwa na sauka a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ya leƙa, babu kowa. Rana ta uku ya tarar da Auta, 'yarsa malamar makaranta, zaune gaban allon, idanunta a rufe, yatsanta yana dannawa: biyu, biyar, huɗu. Ya kira ta. Ba ta juyo ba.

Kwana tara suna haka. Ya gyara, ta mayar, ya gyara, ta mayar, har rabin sa'ar ta ƙare. Da safe ba ta tuna komai, sai ciwon kai da rama. Ɗan ya aiko da saƙo: "Mama tana tambaya ko ka gaji da ita ne."

Malamin da aka kira dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya zauna a tabarma ya fara karatu a hankali, inuwa tana cin bangon falon. Can Auta ta buɗe baki, wata murya ta fito, tsohuwa, a gajiye.

"Ina kuka kai ɗakina?"

"Wane ɗaki?" in ji malam.

"Akwatin. Shekara goma sha ɗaya ina ciki. Akwai ɗumi. Ko kofi ban taɓa fasa musu ba."

"Yanzu ga shi kana fasa musu 'ya. Ka buga lambar nan sau dubu, babu kowa a can."

"A mayar da shi, in fita."

"Ba za a mayar ba."

Muryar ta ce, "Duk maganar gidan nan ta kaina take wucewa. Ranar ƙarshe, matar nan tana cewa za a yi mata aiki. Ban ji yadda aka ƙare ba. In ji ta sau ɗaya, in tafi."

Malam ya ɗaga hannu zai ƙi, amma Baba ya riga ya miƙe. Ya ɗauko katinsa, ya bi matakan, ya goge 254, ya sa 1. Wannan karon Auta ba ta motsa ba.

Fuskar matarsa ta bayyana, ƙarama a kan matashi.

"Tsoho, ina ka shige kwana tara? Ko ka yi sabuwa ne?"

"Da wane ƙarfin?" in ji shi. "Ya jikin?"

"An yi aikin. Yau har na taka zuwa taga."

Daga bayansa muryar ta ce, "To, madalla." Auta ta yi atishawa sau uku, ta kwanta barci.

Da safe Baba ya je ɗauko tsohuwar rautar don ya kai ta nesa da gidaje, kamar yadda malam ya umarta. Kwana goma sha ɗaya ba ta ga wuta ba, amma da ɗuminta. Ya daɗe a tsaye. Sai ya koma ɗaki ya ɗauko tsohuwar rigar sanyinsa, ya naɗe ta a ciki, sannan ya fita.