Ranar da Kwamfuta Ta Ƙi Sunan Anselmo

Ranar Lahadi ce bayan an taso daga coci, iyalin Haskett suna kan tebur a gidansu da ke bakin gonar albasa, a kudancin jihar Jojiya. Lorene ta soya kaji, ta gasa burodin masara, ga shayi mai ƙanƙara. Maigidan, Vernon, ya ture farantinsa ya dubi 'yarsa Marnie, wadda ke riƙe da ofishin rumbun da ake tantance albasa ana zuba ta a buhuna.

"Na ga abin da kike ɓoyewa," in ji shi. "Kwamfuta ta tofar da saurayin naki."

Saurayin shi ne Anselmo Quiroga, makanike, haifaffen Gwatemala. Shekara biyu ke nan yana neman Marnie, shekara biyu Vernon yana amsa gaisuwarsa da ka. Da tsohon makaniken rumbun ya yi ritaya ana dab da girbi, dole ta sa Vernon ya yarda aka ɗauke shi. Marnie ta shigar da sunansa a tsarin gwamnati na intanet da ake duba izinin aiki, kamar yadda take yi wa kowane sabon ma'aikaci, fari ko baƙi. Ranar Juma'a amsa ta fito cewa bayanansa ba su dace da abin da ke wurin hukuma ba.

"Baba, wa ya ce ka buɗe kwamfutata?"

"Kwamfutarki? Da gumin wa aka saye ta?"

"Ba a ce ba shi da izini ba. An ce akwai saɓani, shi ke nan. Doka ta ce in kira shi shi kaɗai, in ba shi takardar sanarwa, ya zaɓa ko zai je ya gyara. Kafin amsar ƙarshe ta fito ba mu da ikon korarsa, ko rage masa albashi, ko mu ce ya zauna a gida."

"Doka," in ji Vernon, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kakana ne ya share dajin nan. Na faɗa miki tun farko, takardar zama ƙasa ta hanyar aure yake nema a jikinki, ba ke ba."

"Baban Marnie, a bari a gama cin abincin," in ji Lorene.

Marnie ta tashi ta bar kazarta ko taɓawa ba ta yi ba.

Washegari ta yi sammako don ta riga mahaifinta, amma ta tarar ya riga ta. Yana tsaye a tsakiyar rumbu, ya sa an kashe injin rumbun, mata masu tantance albasa sun yi cirko-cirko da safar hannu.

"Kai, Quiroga, tattara kayanka," in ji shi da ƙarfi. "Gwamnati ta ce ba ta san da kai ba. Ba na ajiye mai takardun bogi a gonata, balle a gidana."

Anselmo ya fito daga ƙarƙashin injin, hannuwansa duk baƙin mai. Bai dubi Vernon ba, Marnie ya duba. Sannan ya goge hannu, ya ɗauki akwatin kayan aikinsa.

"Yallaɓai, ni ɗan ƙasar nan ne kamar kai," ya ce a hankali. Ya fita.

Marnie ta buga takardar sanarwar, ta shiga mota ta bi shi har ɗan gidan da yake haya a bayan gari. Ta same shi zaune a baranda.

"Yaushe kika gani?" ya tambaye ta.

"Juma'a da yamma."

"Juma'a. Ranar Asabar muka je kamun kifi, kika zauna kusa da ni wuni guda kina dariya."

"Na so in faɗa maka a ofis, yadda ya kamata, da takarda—"

"Marnie, ni ba ofis nake tambaya ba. Kin yi shakkata ko ba ki yi ba?"

Hawaye suka zubo mata.

"Na yi," ta ce. "Na ɗan lokaci. Maganganun Baba sun yi yawa a kunnena."

Ya miƙe tsaye. "Kin ga hoton ranar da na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa. Yana rataye a ɗakin nan, ke kika goge masa ƙura. Na yi shekaru ina wanke injin mutane da rana, ina karatun jarrabawa da yamma. Inji ya yi tari sau ɗaya, sai ki manta da duk wannan?"

"Ba ni da abin cewa. Amma ga takardar. Ka sa hannu cewa za ka ƙalubalanta, ka je ofishin hukuma kafin wa'adi ya wuce. Ka yi fushi da ni yadda kake so, kada dai ka bari sunanka ya lalace."

Ya karɓa, ya karanta, ya sa hannu. Bai ce mata ta zauna ba.

Da yamma gidan Haskett ya kaure da rigima. Marnie ta ajiye makullan ofis a gaban mahaifinta.

"Ka kore shi ba bisa ƙa'ida ba, a gaban mutane. In ya kai ƙara, ni ce shaidarsa."

"A kan ubanki?"

"A kan abin da ubana ya yi."

"To ki bi shi. Ku je ya ciyar da ke da spana."

Lorene tana wanke tukunya. Ta ajiye ta da ƙarfi har ruwa ya fantsamo.

"Vernon," ta ce. Rabon da ta kira shi da sunansa a gaban 'yarsu an daɗe. "Shekarar da fari ya ƙone mana albasa, na nemi aikin girki a makarantar firamare. Me kwamfuta ta ce a kaina?"

Vernon ya kau da kai. "Wannan daban."

"Ta ce ba ta san ni ba, don ban taɓa zuwa na sauya sunan gidanmu zuwa naka bayan aure ba. Shugabar makarantar ta ja ni gefe, ta rufe ƙofa, ta ba ni takarda, na ci gaba da dafa wa yara abinci. Kai ka tuƙa ni zuwa ofishin, kana ta masifa a hanya cewa injin gwamnati ba shi da hankali. Da ta tsayar da ni gaban iyayen yara ta kira ni mai takardun bogi, me za ka yi mata?"

"Ke an haife ki a nan."

"Ashe ba kwamfuta ce ta kore shi ba ke nan. Kai ne. Kawai ka sami abin laɓewa."

Marnie ta haɗa jaka ta koma gidan gwaggonta a cikin gari. Lorene ta ci gaba da dafa wa mijinta abinci, ta daina zama su ci tare. A rumbu ma abin bai tsaya nan ba. Wasu daga cikin matan, waɗanda takardunsu ke daidai kuma sun yi shekaru a wurin, suka koma gonar maƙwabci. Ɗaya ta aiko da saƙo cewa ba za ta jira ranar da za a kira sunanta a tsakar rumbu ba.

Anselmo kuwa ya je ofishin hukuma ya bi layi. Abin ba wani abu ba ne: tun da ya zama ɗan ƙasa ba a sabunta bayanansa ba. Abokansa suka matsa masa ya kai ƙara. Ya ce yana da haƙƙi, ya kuma sani, amma zai jira ya ga ko tsohon yana da kunya. Marnie ba ta dame shi da waya ba. Kullum dai takan bar masa dafaffen wake a baranda ta tafi. Da farko kwanon yakan kwana a inda ta ajiye. Daga baya ta fara samunsa a wanke.

Ranar da amsar ƙarshe ta fito, Vernon ne da kansa ya gan ta, yana fama da ofishin da bai iya ba: an tabbatar Anselmo yana da izinin aiki. Ya ɗauki hularsa ya tuƙa zuwa bayan gari.

"Amsa ta fito," ya ce daga ƙasan baranda. "Aikinka na nan. Za a biya ka kwanakin da ka rasa."

"Wannan doka ce ta ba ni, yallaɓai, ba kai ba."

Vernon ya murza hular a hannu. "To me kake so?"

"A gaban mutane ka faɗa. A gabansu za ka janye."

Fuskar tsohon ta yi ja. Ya juya kamar zai tafi, ya kai bakin mota, ya tsaya.

Da safe ya sa aka tsayar da aiki. Marnie na tsaye a bakin ƙofa tare da mahaifiyarta. Vernon bai iya doguwar magana ba.

"Na yi wa mutumin nan ƙarya," in ji shi. "Ɗan ƙasa ne. Ko da ma ba a gama bincike ba, ba ni da ikon yin abin da na yi. Ƙiyayya ce ta sa ni, ba doka ba. Anselmo, ka yafe mini."

Anselmo ya bar shi ya ɗan tsaya da hannu a miƙe, sannan ya kama.

"Na yafe. Yanzu saura magana ɗaya. Ina son 'yarka, kuma wannan karon amsa nake so da baki."

"Ita za ka tambaya," in ji Vernon. "Ta fi ni sanin daidai."

Marnie ta matso, idanunta jajur. "Ni ma ka yafe mini?"

"Ke ai tuni. Amma wakenki gishiri ya yi masa yawa."

Aka ɗaura aurensu bayan girbi. Mu da muka halarta mun ga Vernon ya riƙo hannun 'yarsa har gaban coci, ya miƙa ta, ya koma ya zauna yana share ido da bayan hannu.

Darasin a fili yake. Wanda aka ba ikon duba takardun mutane amana aka ba shi, ba sanda ba. Na'ura takan yi kuskure a gyara cikin sauƙi, amma mutuncin da aka zubar a gaban jama'a sai mai zubarwar ya sunkuya da kansa ya kwashe. Anselmo ya yi haƙuri bai sayar da darajarsa ba, shi ya sa ya shiga gidan Haskett ta ƙofar gaba.