Idon da Ya Ga Yaya

"Kada ya sake taka min ƙofar gida, Auta. Na faɗa miki."

Umma ta yi maganar tana ninke kayan wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba. Auta na tsaye a bakin falo da jakar aiki a kafaɗa.

"Umma, gaisuwa fa ya zo yi... Tun da aka yi rasuwar bai samu hutu ba sai yanzu."

"An ce min shi ne idonsu. To ina idon yake ranar da aka kashe min ɗa?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ita kanta ta sha yi wa kanta wannan tambayar.

Yayanta ne da kansa ya fara kawo shi gidan. Rundunarsu ɗaya, ta sojojin ƙasa. Yaya na cikin masu takawa da ƙafa, shi kuwa abokin nasa yakan fake a baya da allo a hannu, yana tuƙa wani ɗan jirgi marar matuƙi da bai fi faranti ba, mai kyamara, yana duba musu hanya daga sama. Shi ya sa suke ce masa Shaho.

"Umma, ga sojan da ke yaƙi a zaune," in ji Yaya a ranar, yana dariya. "Takalminsa bai san laka ba."

"Ba don na zaune ba, da tuni na tsaye ya afka rami," Shaho ya amsa a kunyace.

Umma ta yi dariya har da hawaye, ta ƙara masa abinci. Auta kuwa tun daga ranar ta rasa sukuni, kuma kafin shekara ta zagayo an fara maganar aurensu. Sai ga shi an dawo da Yaya a akwati.

Da rana Shaho ya same ta a kantin maganin da take aiki. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta ja masa kujera a bayan kanta, kusa da firijin allurai. Firijin ya tashi da ƙararsa, sai ta ga ya zabura ya dubi silin.

"Firiji ne kawai," ta ce a hankali.

"Na sani. Kunnen ne bai sani ba." Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Su ma abokan gaba suna da irin jiragen yanzu. Duk abin da ya yi zuuu, sai jikinka ya nemi ƙasa."

Ta matso kusa da shi.

"Masoyi... ka ga Yaya a ranar?"

"Na gan shi."

"To faɗa min."

"Ba ke kaɗai ba, rabin raina. In zan faɗa, a gaban Umma zan faɗa. Ba zan iya maimaitawa ba."

Da ta tashi aiki suka tafi tare. Umma na ganinsa ta miƙe za ta shige ɗaki, Auta ta durƙusa ta riƙe ƙafarta.

"Don girman Allah, Umma. Shi ne na ƙarshe da ya ga Yaya da rai. In kin ji, ki kore shi, ba zan ce uffan ba."

Umma ta tsaya cak. Can ta koma ta zauna a bakin kujera, ta juya fuskarta ga bango. Shaho ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

"Da safe ne, Umma," ya fara. "Za su tsallaka wani fili zuwa cikin itatuwa. Na duba gabansu, na duba gefe, babu kowa. Na ce su wuce. Ashe jirgin abokan gaba na kwance a kan wani rufi, a kashe, yana jira. Sai da suka kai tsakiya ya tashi ta bayansu, ƙasa-ƙasa. Kafin in buɗe baki ya saki abin da ya ɗauko."

Umma ba ta motsa ba.

"Sauran suka watse cikin itatuwa. Shi yana kwance a fili, ƙafarsa ta tafi. Na sauko da jirgina daf da shi, ina ta kiran masu ɗaukar rauni, amma wuta ta hana su fitowa. Ya ɗaga kai ya dubi kyamarar. Ya san ni ne, Umma. Sai ya ɗaga hannu ya nuna min itatuwan, ya yi min alamar in tafi. Na ƙi. Ya sake yi, da fushi, irin yadda yake korar mutum in ya dame shi..."

Ya share fuskarsa, ya ci gaba.

"Na tafi. A bayan itatuwan na hango mutane suna lallaɓowa za su rufe namu. Na faɗa, suka canza hanya, suka tsira. Da na dawo kansa, ya riga ya cika. Hannunsa na kan ƙirjinsa, fuskarsa na kallon sama."

Auta ta toshe bakinta da mayafi. Kafaɗun Umma suka fara girgiza.

"Halinsa ne," ta ce da ƙyar. "Ko yana ƙarami, in ya faɗi sai ya ce kowa ya wuce, shi zai tashi da kansa." Ta juyo, karon farko ta dubi Shaho. "Ya sha wahala?"

"Bai daɗe ba, Umma."

Ta gyaɗa kai, hawaye na bin kumatunta.

"Na zalunce ka, ɗana. Ka yafe min. Zafi ne ya rasa inda zai sauka."

Auta ta ji wani sanyi ya ratsa ta. Amma Umma ba ta gama ba.

"Sai dai abu ɗaya. Ka ajiye aikin nan, in ba ka ita da hannuna. Ubansu ya rasu ya bar min biyu, aikin nan ya cinye ɗaya. Ba zan zauna ina kallon ta biyun tana firgita duk sanda waya ta yi ƙara ba. Na san wannan zaman, ni na yi shi."

Shaho ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa.

"Umma, ko na so ba za a sake ni yanzu ba. Kuma waɗanda ya kore ni in je in tsare, suna can suna takawa da ƙafa. In na zauna, da wane ido zan tuna shi?"

"To ka ji tawa, na ji taka," in ji Umma. Ta tashi ta shige ɗaki, ba da fushi ba.

Kwanakin hutunsa suka ƙare Auta na tsakanin wuta biyu. Ba ta iya cin abinci, a kanti har ta fara miƙa wa mutane maganin da ba shi suka nema ba, sai mai kantin ta ce ta je gida ta huta. A gida kuwa ta tarar da Umma zaune a ɗakin Yaya, ta rungume rigarsa, ta tsufa a 'yan watanni kamar ba ita ba. A nan Auta ta san amsarta.

Ranar tafiyarsa ta same shi a tashar mota, jakarsa a ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Yana ganin idanunta ya gane.

"Kada ki faɗa," ya ce. "Bari in ɗauke miki. Kada ki jira ni, Auta."

"Ina sonka... Allah ya sani ina sonka. Amma ba ta da kowa sai ni."

"Na sani. Da kin bar ta, da ba ke ce wadda na so ba."

Direba ya buga jikin mota. Shaho ya ɗauki jakarsa, ya tsaya kamar zai ƙara wata magana, sai ya juya ya shiga. Ta tsaya har motar ta sha kwana, bai leƙo ba, ita ma ta gode da bai leƙo ba.

Da ta isa gida, Umma na tsaye a bakin ƙofa, da alama ta daɗe a wurin.

"Ya tafi?"

"Ya tafi, Umma."

Umma ta buɗe hannuwa, Auta ta faɗa jikinta, kukan da ta riƙe tun daga tasha ya ɓalle. Umma na shafa bayanta, ita ma tana nata.

"Yi kukanki, 'yata," ta ce a kunnenta. "Yaron kirki ne. Ni ce ba ni da sauran ƙarfi."