Ruwan Rariyar Gidan Namadi

A Duza kowa ya sani, ko kuma kowa na cewa ya sani, Namadi ya ba da 'ya'yansa aka ba shi zinariya. Yayarsa Marka, wadda ta tsufa tana aikin asibiti a Anka, ba ta gaskata magana don ta yi yawa a bakin mutane. Ta ce sai ta gani.

Zuwa wurin boka kam ya je, shekarar da fari ya ƙone masa gero. Bukka ce a gindin dutse wajen Bukkuyum, ƙahonin awaki a rataye, ga tukunyar da jini ya bushe a bakinta, ƙudaje sun rufe ta. Bokan, Tsoho, ya nuna masa ramin wani dutse mai ƙyallin tozali. Sharaɗi ɗaya: a daka shi cikin gida, a turmin matarsa, kada idon baƙo ya gani. Zinariyar da aka wanke, shi zai saye.

"To mi za ni biya, Baba?"

"Ba ni za ka biya ba. Ruwan sama na zuwa ya amshi nashi."

Namadi ya yi dariya, ya ɗauka araha ya samu.

Kwano ya hau rufi, babur ya shigo zaure. Sai damina ta faɗi. Ƙaramin ɗansa ya sandare yana kumfa, ya cika. Wansa ya bi shi. Matarsa Hure mai dakan ta koma rarrashin turmi kamar jariri. Shanun Dikko makiyayi, masu shan kududdufin bayan gidan, suka makance suna karo da itatuwa. Saura 'yarsa Bilkisu, wadda aka yaye.

Marka ta roƙa a ba ta yarinyar. Namadi ya hana, wai in aljani ne, ko ina aka kai ta zai bi.

Ranar da aka yi ruwa Marka ta tara ƙwarya a bakin rariyar gidansa, wata kuma a indararon masallaci. Ta zuba 'yan kifin gulbi a kowacce, ta ajiye a gabansa, ta zauna. Washegari na ƙwaryar masallaci suna ta iyo. Na rariya sun juya farin ciki sama.

"Namadi, aljanin naka har kifi yaka ci?"

Ta shiga ta goyo Bilkisu ta wuce ta gabansa. Daga baya an sha ganinsa a kasuwar Gummi ba takalmi, yana tsintar tsakuwa yana lasa. Mai neman arzikin da aka ce ya ɓoye wa idon mutane, ya dubi gidan nan tukuna.

Bilkisu ta rayu, amma ba ta taɓa yin magana ba. Gubar dalma ce a dutsen, ƙurarsa ta shiga tuwo, ruwan sama ya kwashe saura. Tsoho ya sani. Ya binne nasa 'ya'yan kafin ya fara nuna wa mutane ramin.