Salular Umar

Ranar da Habibu ya fara ganin Firdausi, ciniki suka ƙulla tun kafin su gama gaisawa.

Daga Maraɗi aka turo shi, saboda na'urar da ke ajiye bayanan wani asibiti a Madarunfa ta daina jituwa da ta Yamai. Kowace safiya ta Yamai za ta zo karɓar rahoto da sunan Umar, ta nan ta ce ba ta san shi ba. Umar ne ya haɗa su, shi kuwa tun bara tafki ya ci shi, izininsa na shiga ya ƙare a bayansa. Firdausi ƙanwarsa ce, a buron asibitin, wato ofis, take aiki.

"Lambar canja suna a salularsa za ta faɗo," in ji Habibu. "Tana ina?"

"Tana wurin Inna a Safo. Zan kawo maka, amma da sharaɗi: kada ta daina ƙara."

Ashe duk sanda aka ƙi sunan, sai saƙo ya faɗa salular mamacin. Inna ba ta karatu. Da ta ji ƙarar sai ta ce, "Na amsa, ɗan nan," sannan ta iya kai koko bakinta.

Habibu ya ce ya yarda. To, idonta yake kallo, ba aikin ba.

Aikin yini guda ya yi ta ja, yau ya ce babu rezon waya, gobe ya ce babu wuta. Ta rubuto masa:

"Mai gyara, anya na'urar ce ke kawo ka?"

"Hasken idona, ita ta ƙi baƙo. Ke fa?"

"Ni ban ce na ƙi ba."

Sai damina ta kankama, zazzaɓi ya cika asibitin da yara, Yamai kuma ba ta aiko magani sai ta ga rahoto. Habibu ya cire sunan Umar, na'urori suka gane juna. Da safe salula ta yi tsit. Inna ta zauna da ita a cinya har rana ta take, koko ya huce.

"Ka yi mini alkawari," Firdausi ta rubuto, daga nan ba ta ƙara ba.

Da magabatansa suka je neman aure, Inna ta aiko daga cikin ɗaki: wanda ya rufe bakin ɗanta ba zai ɗauki 'yarta ba.

Zai iya shirya saƙon ƙarya ya riƙa faɗowa har abada. Ya auna, ya ga ba zai fara aure da yaudarar tsohuwa ba. Ya hau babur ya je Safo, ya durƙusa a bakin ƙofarta.

"Inna, ba shi ke kira ba. Na'ura ce."

"Kai yaro, wa ya ce maka ban sani ba? A gabana aka fita da shi." Ta shafa salular. "Ɗan fari ne, bakina bai taɓa kama sunansa ba. Mutane kuma sun daina, wai kada in yi kuka. Ƙarfen nan kaɗai ya rage yana nemansa da suna."

Habibu ya ɗago kai.

"In kin yarda, Inna, ni zan riƙa kira kowace safiya, in faɗa, ke ki ce amin."

"Faɗa in ji."

"Allah ya jiƙan Umar."

Tsohuwa ta rufe ido. A bayan zana Firdausi ta toshe baki da mayafi.

"Amin. Sake faɗa."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure, Allah ya sa albarka, ya ba su zuri'a ɗayyiba.

In ana lissafi, Habibu ya samu mata, yaran asibiti sun samu magani, Inna ta samu suruki mai cika magana. Asara kuwa ita ma ta Inna ce: da can, in salula ta yi ƙara, akwai ɗan lokaci kafin ta tuna babu shi.